Ciwon da Vernetta Ta Hana a Kira Sunansa

Tun da Earline ta shigo harabar cocin take tsaki. Ko'ina ruwan hoda: balan-balan, ƙyallaye, kek ɗin da ke kan tebur, har ƙulla-wuyan Fasto. Yayarta Vernetta, shugabar matan coci, ita ta shirya wannan Lahadi ta yaƙi da ciwon dajin nono, kamar yadda take yi duk Oktoba. Ta ɗora wata malafa mai faɗin tire, tana zagaya mutane tana maƙala musu ɗan ƙyalle a ƙirji. A bakin ƙofa kuma ga motar asibiti mai ɗaukar hoton nono kyauta, ma'aikaciyar tana zaune tana hamma, ko mace ɗaya ba ta leƙa ba. Wa zai tuɓe kayan ado ranar da ya fi kowa kyau a birnin Memphis?

Earline ta wuce kicin, inda aikin gaske yake. Ta tarar da Shondra, 'yar Vernetta tilo, tana juya kaza a mai. Yarinyar ta haura talatin da biyar, amma a idon Earline har yau jaririyar da ta goya ce.

"Anti, in tambaye ki mana," in ji Shondra, ba ta ɗago kai ba. "Ƙullutu a nono, in ba ya zafi, ai ba komai ba ne ko?"

Earline ta ajiye farantin burodin masarar da ke hannunta. "Ƙullutun wa?"

"Nawa. Tun bara. Na je wurin likita, ta ce akwai mai ciwon a danginku? Na ce babu, tunda Mama ta ce ciwon zuciya ne ya kashe Kaka. Sai ta ce to wataƙila ba komai, in sa ido, in dawo a sake dubawa. Ni kuma aiki ya sha kaina." Ta ɗan yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Yanzu kamar ya ƙara girma."

Ciwon zuciya! Earline da Vernetta suka yi jinyar mahaifiyarsu a ɗakin baya, suna 'yan mata. Ita ke wanke gyambon, Vernetta ke ƙona tsummokaran a bayan gida don kada maƙwabta su ji wari. Matar ko hamsin ba ta kai ba. Ranar jana'iza Vernetta ta ce wa mutane zuciya ce, shi ke nan ƙarya ta samu wurin zama, har ta haifi jikoki.

Ta samu yayar tata a ɗakin mawaƙa, gaban madubi, tana gyara zaman malafa.

"Yaya, 'yarki na da ƙullutu a nono."

Hannun Vernetta ya tsaya cak, sannan ya ci gaba da gyara fure. "Ta gaya mini. Mun yi addu'a, na shafa mata mai. Ba mu karɓa ba."

"Ba ku karɓa ba? Wasiƙa ce da za a mayar wa mai ita? Ki gaya mata abin da ya kashe Mama."

"Rufe mini baki, Earline! A gidanmu ba a kiran sunan abin nan. Abin da baki ya kira shi ke zuwa. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba."

"Mama ma ba ta taɓa kiransa ba. Ya nemi izini kafin ya shigo?"

"Yau ranata ce, matar Bishop na nan. Kada ki kuskura ki kunyata ni."

Ta fice tana ƙwas-ƙwas da takalmi mai tsini, shi ma ruwan hoda.

Kai, jama'a, Vernetta ta iya magana! Ta hau mumbari ta riƙe makirufo kamar da shi aka haife ta. Ta ce ciwon nan ya fi kashe baƙaƙen mata, yana kama su da ƙuruciya, ba a ganowa sai ya ci ya cinye. Ta ce rigakafi ya fi magani. Ta ce, "'Yan'uwana mata, ku san tarihin danginku!" Mata suna kaɗa mafitai suna "Amin! Faɗa musu, 'yar'uwa!" Duk jawabin nan ba ta kira sunan ciwon ko sau ɗaya ba. "Wannan abokin gaba" take cewa, "wannan jarrabawa." Earline na zaune a layi na uku, takaici kamar ya kashe ta.

Da aka zo lokacin ba da shaida, inda kowa ke tashi ya faɗi alherin da Ubangiji ya yi masa, wata ta gode don ɗanta ya samu aiki, wata don gwiwarta ta daina ciwo. Sai Earline ta miƙe. Ba ta taɓa ba da shaida ba a cocin nan, har mai kiɗa ya juyo.

"Ina gode wa Ubangiji da ya bar mini bakina," ta ce. "Da yawanku kun san mahaifiyarmu, Luella Pettiford, a can take zama kusa da taga. An ce muku zuciya ce ta kashe ta. Ƙarya ce. Ciwon dajin nono ne, da hannuna na wanke shi. Goggonta ma shi ya ɗauke ta. Kuma abin da ya ci Doma ba ya barin Awai."

Mafitai suka tsaya. Wata tsohuwa a baya ta ce, "Ai mun sani," a hankali, amma kowa ya ji. Ashe rabin tsofaffin nan masu malafa sun sani, kowacce ta haɗiye nata, ta zo tana cin kek.

Vernetta ta taso da borin kunya. "Fasto, ƙanwata ba ta da lafiya, a yi mata..."

"Mama."

Shondra ce, tsaye a ƙofar kicin, da fulawa a hannu. Ba ta ɗaga murya ba.

"Nonon Kaka, wane ɓangare ne?"

Vernetta ta dubi matar Bishop, ta dubi ƙasa.

"Hagu," in ji Earline.

Shondra ta kai hannu ƙirjinta na hagu, daidai inda uwar ta maƙala mata ɗan ƙyallen da safe. Ta ciro shi, ta ratsa tsakiyar coci, ta fita. Earline ta bi ta.

Ma'aikaciyar motar ta saurare su, hammar ta gudu. Ta ce wanda ke da ƙullutu ba a mota ake duba shi ba, asibiti Shondra za ta gobe da sassafe, kuma wannan karon ta faɗi maganar kakarta tun daga bakin ƙofa.

Suna tsaye sai ga Vernetta ta fito, malafar ta karkace, hoda ta jiƙe da hawaye.

"Shondra, 'yata, kare ki nake yi. Na ga abin da idona. Ban so ko sunansa ya taɓa ki ba."

Shondra ta kamo hannun Vernetta ta danna shi a kan rigarta, inda abin yake, ta riƙe gam har sai da uwar ta ji taurinsa.

"Ga shi nan, Mama. Bara bai kai haka ba."