Teburin Hamsatu a Ƙofar Shago

Shekarar da Jamilatu ta shiga makarantar nas-nas, a 1978, fukar mahaifinta ta tsananta. Lado tela ne, shagonsa na unguwar Briketeri ɗaki ɗaya ne mai taga ɗaya, da keke biyu, da masu aikin wuyan riga huɗu. Dukansu mashaya sigari ne. Har hoton shugaban ƙasa Ahidjo da ke bango hayaƙi ya mai da shi ruwan ƙasa. Kafin azahar Lado ya fara tari, kafin la'asar an riƙo shi zuwa gida.

Bai iya hana su ba. Saura mako biyar Babbar Sallah, manyan riguna jibge, kuma mai hannu irin na Gali, babban ma'aikacinsa, shago goma ke jiransa. Ka ɗaga masa murya yau, gobe ka gan shi a wani shagon a kasuwar Mokolo.

Jamilatu kuwa ta shiga wata ƙungiyar sa-kai ta 'yan makaranta da wani likita ya kafa, suna bin unguwanni suna roƙon a daina shan taba inda jama'a ke aiki. Ta ce da shagon ubanta za ta fara. Ta zo da babbar takarda mai zanen huhu biyu, ja da baƙi, ta yi bayani rabi da Faransanci.

Gali ya busa hayaƙi sama. "Madam dokta, wannan huhun daga mayankar Etoudi kika samo? Baƙin nan yaji kawai yake so."

Aka fashe da dariya.

"Yaya Gali, Baba ne ba ya iya numfashi."

"Allah ya ba shi lafiya. Ni in babu sigari, allura rawa take a hannuna."

Tana naɗe takardarta sai ga tsohuwa Hamsatu mai waina ta leƙo, tana neman mafaka daga ruwan da ya tsuge. Gali ya damƙe sigarin da wutarsa a tafin hannu, ya durƙusa, ido a ƙasa.

"Ina wuni, Inna."

"Lafiya lau. Ya yaran?"

Sai da ta juya ya yarfa hannu yana hura shi. Abokin aikinsa Ƙasimu ma ya take nasa da ƙafa. Jamilatu ta tsaya kallonsu. Gali 'yar Hamsatu yake aure. Ƙasimu kuma ƙanwar matar Gali yake aure. Alim ya kai kayan gaisuwa wajen jikarta. Na huɗun, Habu, bai taɓa sayen ko kara ɗaya ba, na mutane yake sha.

Washegari ta sami tsohuwar a bakin kwata, inda take suya ƙarƙashin tsohon kwano mai yoyo.

"Inna, rumfar shagonmu ba ta zuba. Ki dawo can mana."

Hamsatu ta juya waina, ta dube ta. "'Yar nan, surukaina uku a ciki. Kin san abin da kike yi?"

"Na sani, Inna."

"To, ɗauko mini tandar."

Ta kafa teburinta daidai ƙofa, inda idonta ke kaiwa har ƙuryar ɗaki. Ba ta taɓa cewa uffan a kan taba ba. Babu bukata. Namijin da ba ya iya cin tuwo a gaban surukarsa ba zai ƙyasta ashana a gabanta ba. Mai son sha sai ya raɓa ta gefenta, ya rusuna, ya gangara bayan masallaci cikin jan taɓo, ya dawo ya sake rusunawa. Ita kuma duk fita sai ta ce, "A dawo lafiya," duk shiga, "Sannu da dawowa."

Rana ta huɗu Gali ya tare Jamilatu a lungu.

"Wannan makircinki ne. Wallahi barin shagon zan yi."

"Ka bari mana, Yaya. In Inna ta tambayi dalili, ni zan faɗa mata ko kai?"

Ya yi tsaki ya koma kan aikinsa.

Ban ce sun daina sha ba. Gali dai daga kwali guda ya koma kara huɗu, don gaisuwa takwas a wuni ta ishi kowane suruki. Habu ya daina gaba ɗaya, ya rasa mai ba shi.

Ana jibi Sallah, Jamilatu ta biyo daga lopital, asibitin da take koyon aiki, da la'asar sakaliya don ta raka mahaifinta gida. Ta same shi a kan keke, yana ɗinke bakin wata farar shadda.

"Baba, mu tafi?"

"Je ki abinki," in ji Lado, ƙafarsa ba ta tsaya ba. "Saura riga uku. Sai magariba."