Tiyon da na yanka wa saniyar Bube

Injin niƙan da nake tuƙawa a Kanan-Bakashe na wana Na Allah ne. Da ya sa masa sabon tiyon gazuwal, man da injin ke sha, baƙi mai kauri, sai da ya ƙyasta ashana a jikinsa don in gani. Bai kama ba.

"Wannan ba ya cin wuta, Sirajo. Kar ka taɓa mini shi."

Kwana biyu kafin kasuwa Bube makiyayi ya shigo da gudu. Saniyarsa ta ci gyauron dawa, ciki ya kumbura, yana neman abin da zai zura mata a maƙogwaro iska ta fita. Ban iya ce masa a'a ba. Na yanka masa kamu ɗaya, na cike gurbin da koren tiyon ban ruwa, na ɗaure da roba. Ban gaya wa Yaya ba.

Ran kasuwa mata suka cika rumfar injin, kwanoni a jere har ƙofa. Ƙofar kuwa ɗaya ce, bangon kuma zana. Wajen azahar na ji wari. Na leƙa bayan injin: koren ya yi laushi, ya kwanta kan bututun hayaƙi, gazuwal na ɗiga cikin dusa. Kafin in miƙe wuta ta kama.

Wutar ta hau koren, tana tafiya sama wajen tankin man. Inna Zara'u, mai fura, ta sunkuci bokitin ruwa.

"Inna, kar ki zuba. Ku fita ɗaya-ɗaya."

"Gerona fa, ɗan nan?"

"Bar shi, Inna."

Makullin man yana ƙarƙashin tankin, wutar na tsakanina da shi. Na tsaya ina kallo har ta cinye koren, ta iso inda na ɗaure. Robar ta tsinke. Baƙin ya yi hayaƙi, bakinsa ya murɗe, amma wutar ba ta wuce nan ba. Tsakaninta da tankin taƙi ɗaya.

Na naɗe hannu da buhu, na miƙa ta gefe na rufe makullin. Sauran wutar muka bi da rairayi, ni da Inna Zara'u da ta ƙi fita.

Da la'asar Yaya ya zo. Ya daɗe yana juya guntun baƙin tiyon a hannu.

"Ina sauran?"

Na gaya masa.

"Saniyar ta tashi?"

"Ta tashi."

"To gobe ka tafi Maradi ka sayo wani. Injin ba ya tashi sai ka dawo."