Injin da Yake Tafiya

Shekara goma sha ɗaya ina wanki a otal ɗin nan, ko rigar filo ban taɓa lalatawa ba. Sai da aka kawo sabon injin wanki aka rubuta mini takardar gargaɗi.

Daga waje aka sayo shi, littafinsa duk da Sifaniyanci. Manaja bai jira mai haɗawa ba, shi da sakatarensa suka jona shi. Tun wankin farko, da ya zo matse kaya sai ya hau girgiza yana jan gindi a kan siminti. Kafin ya tsaya ya bar bango da taku uku. Kullum sai mun tura shi mun mayar.

Na kai ƙara, aka kira kamfanin a waya. Sakatare ne tafinta, don ya yi wata uku yana koyon Sifaniyanci a wayarsa, shi ya sa muke ce masa Furofesa.

Injiniyan kamfanin ya ce, "¿Anda?"

Furofesa ya gyara tabarau. "Wai injin yana tafiya?"

Na ce, "Yana tafiya mana! Ai abin da ya kawo ni ke nan."

"Sí, anda," in ji Furofesa. Mutumin ya yi godiya ya ajiye waya.

Sati biyu shiru. Ran nan injin ya ja tiyonsa har ya tsinke, ruwa ya malale ɗakin ya jiƙa zannuwan gadon da na wuni ina gogewa. Manaja ya kira ni ofis. Wai kamfani ya rubuto cewa ni da bakina na tabbatar injin lafiyarsa lau, saboda haka ni ce nake cusa masa kaya fiye da ƙima. Ni! Ya miƙo mini takardar gargaɗi in sa hannu.

Daga aiki gidan Kawu na wuce, ƙanin mahaifiyata, wanda ya yi shekara ashirin a ɗakin injin jirgin ruwa, har ya iya Sifaniyanci a can. Da na kwashe labari na gaya masa sai ya fashe da dariya.

"Kawu, ana neman raba ni da aikina kana dariya?"

Ya share hawaye. "Yi haƙuri, 'yata. Anda ɗin nan, in mutum ne, tafiya ce. In inji ne ko agogo, aiki suke nufi, daidai da funciona. In ya tashi su ce arranca. Ke kuwa abin da za ki ce shi ne se mueve, wato yana gusawa daga inda aka ajiye shi."

Washegari na zo da Kawu. Na ce a sake kiran, kuma ni zan yi magana. Furofesa ya miƙo hannu, na hana shi wayar.

"Funciona," na ce da ƙarfi, "pero se mueve!"

Injiniyan ya yi wata doguwar tambaya. Kawu ya fassara: "Wai an kwance kusoshi huɗu na baya, waɗanda ake ɗaure tukunyar injin da su saboda hanya? Ya ce a duba shafi na biyu, har da hoto."

Manaja ya kalli Furofesa. Furofesa ya kalli takalminsa.

Minti biyar Kawu ya yi da sifana ya kwance su. Muka zuba tawul, injin ya wanke ya matse, ko gezau.

"To, madalla," in ji Manaja. "Kowa ya koma bakin aikinsa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba inda za ni sai takardar nan ta fito."

Ya ciro ta daga fayil ya miƙo mini. Na ce ba ni na rubuta ba, wanda ya rubuta shi zai yaga. Ya yage ta gida biyu yana ƙunƙuni.

Har yau bai ce in yi haƙuri ba. Furofesa kuwa ya daina amsa gaisuwata, wai na kunyata shi a gaban baƙo.