Kunkurun da Ba Ya Hawa Bene

A shagon sayar da dabbobi, Auta ta riga ta ɗora wani ɗan kunkuru a tafin hannunta tana cewa wannan ya yi, sai Baba ya nuna wani akwatin gilashi da sandarsa.

"Wancan nake so."

Ita dai a idonta duk ɗaya suke, kowanne bai wuce murfin kofi ba. Tun rasuwar mahaifiyarta likita ya ce a samo wa tsohon abin da zai riƙa ɗawainiya da shi. Ya ƙi kyanwa, ya ƙi aku, ya kafe sai kunkuru.

Mai shagon ya dube ta. "Ke ce za ki gaje shi?"

"In gaji wa?"

"Kunkurun. Ba na sayar wa dattijo wannan irin sai magajinsa ya zo ya amsa da bakinsa. Shi ya sa na mayar da Baba wancan makon."

Auta ta juya ta kalli mahaifinta. Mutumin da ko bakin titi ba ya zuwa sai an riƙe shi, ashe har nan ya zo shi kaɗai.

Mai shagon ya buɗe ƙofar baya, ya ce ta leƙa. Ta leƙa, ta ja da baya tana salati. Wata halitta ce kamar an kife bahon wanki, tana yagar kabeji, ta tona rami har ƙarƙashin katanga.

"Uwar wancan ke nan," in ji shi. "Na hannunki nan zai tsaya, kwali ma ya ishe shi. Wannan kuwa sai fili da rana da ƙasar tono. Kuma ni da ke duk sai ya ga bayanmu."

"Haba Baba, ina zan kai wannan? A hawa na uku fa nake."

"Ai akwai tsakar gida."

"Wane gidan?"

"Nawa mana. Wanda dillalinki ya auna ranar da kika bar ni a layin asibiti." Bai ko ɗaga murya ba. "Ki faɗa masa na ga yadda ya tattake furannin uwarki."

Ta yi zaton babu wanda ya sani. Niyyarta ta sayar da gidan ta ɗauko shi ya dawo wurinta, har gado ta saya masa. Kunya ta kama ta, ga haushi, ga tausayi.

"To, kin karɓa?" in ji mai shagon.

Ta kalli Baba yana dogare da sandarsa. Ta ce ta karɓa.

A cikin bas, Baba ya rungume kwalin a cinyarsa. Ya ɗan buɗe shi, ya tura ganye, ya sunkuya yana magana ƙasa-ƙasa, amma ta ji.

"Ka ci sosai, ɗan nan. Ka yi saurin girma."