Amsar da Miyan Barci Ya Cinye

An riƙe sakamakon ɗaliba ɗaya a aji uku, saboda miyan barcin malamin lissafi ya goge amsarta ta ƙarshe. Maki arba'in da shida take da shi. Da hamsin ake wucewa aji na gaba, tambayar da amsarta ta goge kuma maki biyar ce.

Abin ya faru ne ranar Talata da rana a ɗakin malamai. Malamin, wanda ɗalibai ke kira Tawada, ya yi shekara goma sha ɗaya yana hana rubutu da biro a ajinsa. Alƙalamin tawada kawai ya yarda da shi, wai shi ke gyara hannu. Yana cikin duba takardu, mura ta toshe masa hanci, fanka na juyawa, sai ya kifa kai a kan tebur. Bayan minti ashirin ya farka da shuɗi a kumatu. Rabin shafin yarinyar ya zama tabo. Da biro ne, da ba abin da zai same shi.

Da kansa ya kai wa shugabar makaranta takardar.

"Ruwa ne ya zuba, Malam?"

"Ranki ya daɗe, miyau ne. Nawa."

Malamin tarihi, da ya biyo shi ganin ƙwaƙwaf, ya ce, "Yau dai Tawada ya sha tawada."

"Kai da kake minshari a taron malamai, rufe mana baki."

"Ni nawa ƙara ce kawai, ba ya cin jarrabawa."

Shugabar ba ta yi dariya ba. Ta ɗaga takardar ta haska ta taga. Lamba ɗaya ce kawai ta tsira, ta farko. Amsar daidai sha biyu ce, amma yawancin ajin sha bakwai suka rubuta, duka biyun kuma da lamba 1 suke farawa.

Da ya koma gida, matarsa, wadda ma'aikaciyar jinya ce, ba ta yi mamaki ba.

"Maigida, ni ke wanke rigar matashinka, sai yau ka sani? Hanci ya toshe, ka koma numfashi ta baki. Kana barci ba ka haɗiya kamar idonka biyu. Ka zo ka kifa fuska ƙasa. Ina kake so miyan ya bi, sama?"

"To, maganin fa?"

"Ka wanke hanci da ruwan gishiri, ka kwanta rigingine, ka ɗan ɗaga kai. Ka daina cika ciki kana kwanciya, ƙwannafi ma yana ƙara shi. In mura ta tafi bai tafi ba, sai likita. Kuma tebur ba gado ba ne."

Ya bi duka. Ya ce kwana uku ke nan matashinsa a bushe. Dokar biro kuwa ya soke ta ranar Laraba, bai yi wa kowa bayani ba.

Ya rubuta sabuwar tambaya mai nauyi ɗaya da waccan, ya nemi a bar yarinyar ta amsa. Mahaifinta ya ƙi. Ya ce 'yarsa ta riga ta amsa sau ɗaya, ba ita ta yi barci ba. Ita kuma da aka tambaye ta, ba ta yi inda-inda ba, ta ce sha biyu ta rubuta.

Shugabar ta saka takardar yarinyar a ambulan ta kulle a durowa. Ranar Litinin kwamitin jarrabawa zai zauna. Har yanzu gurbin makin yarinyar babu komai a ciki.