Jarkar Nasiru

Wata tara ke nan Hajara tana kai mijinta Sule wankin ƙoda sau biyu a mako. Mutumin da a da yake ɗaga buhun gero shi kaɗai a Tsohuwar Kasuwa, yanzu buta ma sai an miƙa masa. Ranar da likita ya ce sai dashen ƙoda, ƙanensa Nasiru ya buga ƙirji a gaban dangi, ya ce ƙodarsa ta yayansa ce. Hajara har kuka ta yi. Sule ne ya riƙe yaron tun rasuwar ubansu, ya yi masa aure, ya buɗe masa rumfa.

Kafin a karɓi ƙodar mutum sai an auna ƙarfinta. Aka ɗebi jinin Nasiru, aka ba shi jarka ya tara fitsarinsa na kwana ɗaya cur, kada ɗigo ya zube. A gidan Sule ya yi tarin. Saboda zafin garin, Hajara ta binne gindin jarkar cikin jiƙaƙƙen yashi a bayan ɗaki, tana yayyafa ruwa, tana cika masa buta duk lokacin da ya nema. Ya kuwa nema da yawa.

Bayan kwana uku ya dawo daga asibiti fuska a sake, wai an ce tasa ƙodar ma ta taɓu. Gida ya rikice da jaje. Sule, da ƙafafunsa a kumbure, shi ne ma mai ba shi haƙuri. Tun daga ranar Hajara ta riƙa dafa musu miya ɗaya marar gishiri, Nasiru kuwa yana tanɗe kwano kamar marar lafiyar gaske.

Rifkatu maƙwabciyarsu, mai karɓar jarkoki a ɗakin gwajin, ita ta tambayi Hajara a bakin famfo yaushe ƙanen mijinta zai sake kawo tarin. Ba ta san ɓarnar da ta yi ba. Ta ce ai ƙoda rariya ce, tana tace dattin da tsoka ke zubarwa cikin jini, ta fitar da shi ta fitsari. Ana gwada na jini da na jarka. Jinin Nasiru tas yake, amma dattin jarkarsa bai kai na yaron goye ba, sai ruwa. Shi ya sa aka ce ya maimaita.

Hajara ta tuna butar nan da ta yi ta cikawa da hannunta. Zuciyarta ta yi baƙi ƙirin.

Da Nasiru ya zo cin abincin rana ta tare shi a zaure.

"Nasiru, mi kay yi da ruwan da nib ba ka?"

Ya sunkuyar da kai.

"Tsoro nika ji, Yaya. Ɗiyana ƙanana na. Don Allah kak ki hwaɗa mai."

Da tsoron ya faɗa tun farko, da ta yafe. Mako biyar suka ɓata suna jajensa ba su nemi wani mai ba da ƙoda ba, kuma shi ake yi wa sannu.

Daga cikin ɗaki muryar Sule ta fito, a shaƙe.

"Hajara, Nasiru na? Shigo da shi inuwa, ki ba shi matashina. Ba shi da lahiya."