Ɗan Fari a Gindin Rijiya

Ni na goyi Dalhatu, kowa a garinmu ya sani. Ranar da aka yaye shi wana ya ɗauko shi ya aje mini a cinya, don ɗan fari ne, uwarsa Lalla kuwa kunya gare ta har ta yi yawa. Duk matan garinmu suna kunyar ɗan fari, amma ta Lalla daban ce. Ba ta haɗa ido da shi, ba ta faɗin sunansa. "Wancan" take cewa. Har ya yi gemu ya aje iyali, ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Ni kuwa tun safe har dare kiran shi nake, Dalhatu ɗauko, Dalhatu kawo, har kunnensa ya saba ya daina ji na.

Rijiyar garinmu, nan ƙasar Korgom, in ka leƙa sai ka ji kanka na juyawa kafin ka hango ruwa. Duk bazara, in zafi ya kai inda ya kai, guga ya fara dawowa da laka, sai a sa ranar yasa. Biki ne sosai a wurinmu. Mata su cika bido-bido, wato jarkokin ruwa, tun jajibere, a dama fura, 'yan mata su yi da'ira suna tafi da waƙa, samari su jeru kan igiya. Cindo makaɗi kuma ya zauna a bakin rijiya da kalangunsa. Kada ku ɗauka nishaɗi kawai ya kawo shi. In mutum ya sauka, Cindo zai kaɗa mishi takensa ya tsaya, na ƙasa ya amsa da kuwwa. Muddin yana amsawa, iskar ƙasa lafiya take.

Bana aka ce Dalhatu ne zai sauka. Na tare shi a tsakar gida.

"Duk garin nan babu mai ƙafa biyu sai kai?"

Ya yi dariya. "Goggo, ba ke ke cewa ni rago ne ba?"

"Na faɗa, kuma ban janye ba. Rago ya zauna gida."

Lalla na gefe tana shirya ƙore, ko ɗago kai ba ta yi ba. Haushi ya kama ni, na ce, "Ke ba za ki ce komai ba?"

"Me zan ce, Mairo? Ɗanki ne."

Wallahi ji na yi kamar in kife mata ƙwaryar a ka.

Da hantsi aka fara. An zura fitila tukuna, ta dawo tana ci, dattawa suka ce bismilla. Aka ɗaura wa Dalhatu igiya aka saukar da shi. Da ya isa ya kwance ta daga jikinsa ya ɗaura wa guga, haka aikin yake. Laka ta dinga fitowa baƙa ƙirin mai wari. Cindo ya kaɗa, ya tsaya, kuwwar Dalhatu ta taso daga can ƙasa, mata su rangaɗa guɗa. Har na ɗan saki jiki na karɓi fura.

Rana na tsaka Cindo ya kaɗa, ya tsaya. Shiru.

Ya sake kaɗawa da ƙarfi, ya tsaya, ya kara kunne. 'Yan mata na ta tafinsu ba su ankara ba, sai da ya ɗaga hannu ya daka musu tsawa. Wurin ya yi tsit. Ludayin da ke hannuna ban san lokacin da ya faɗi ba.

Rabilu, abokinsa tun na yarinta, ya ce a ɗaura mishi igiya. Aka saukar da shi. Bai yi nisa ba ya fara fizgar igiyar, aka jawo shi idanu jajur yana amai. Da ƙyar ya ce, "Iska ta ɓaci. Ba a shiguwa."

Innalillahi! Wani ya hau moto ya nufi Korgom neman taimako, amma kowa ya san yashin hanyar nan, kafin ya dawo mai faruwa ta faru. Aka karɓo madubin wata amarya, Rabilu ya haska rana cikin rijiyar. Ya ce yana hango shi zaune cikin laka, ya jingina da bango, kansa ya langaɓe, amma ƙirjinsa na motsi. Samari suka ɗaura ganye a wata igiya suna sama da ƙasa da shi don iska ta shiga. Dattawa suka yi zarge a bakin babbar igiyar suka zura, har ta kwanta mishi a gwiwa. Abu ɗaya ya rage: ya ɗaga hannu ya sa ta a jikinsa da kansa. Babu mai iya yi mishi.

Maza suka yi ta kira. Cindo ya kaɗa har fatar kalangun ta kusa fashewa. Ni na ture su na durƙusa a bakin rijiyar na yi ta kwarara sunansa. Na lallashe shi, na zage shi, na ce in ya mutu ba ni ba shi. Muryata ta dushe. Rabilu ya ce ko gezau bai yi ba, kuma motsin ƙirjin yana raguwa. Ban taɓa jin tsoro irin na lokacin nan ba.

Sai na ga maza suna darewa. Lalla ce, hannunta duk fura. Ta zo ta durƙusa kusa da ni ta leƙa. Leɓɓanta na motsi, amma babu abin da ke fitowa. Ga dattawa tsaye, ga mijinta, ga duk gari sun zuba mata ido.

Na damƙi damtsenta. "Lalla, in kunyar nan taki ta kashe mini ɗa, ba zan yafe miki ba har lahira."

Ta rufe ido. Ta sa kanta cikin bakin rijiyar.

"Dalhatu."

Ba da ƙarfi ta faɗa ba. Sunan ya fito mata a karkace, kamar na wadda ke koyon magana.

"Dalhatu, ni ce. Sa igiyar nan."

Rabilu ya yi ihu, "Ya ɗaga kai! Wallahi ya ɗaga kai!"

"Sa hannunka, Dalhatu. Ɗayan ma."

Rabilu ya ce hannu ɗaya kawai ya shiga, sannan kansa ya sake langaɓewa. Dattawa suka ce a ja haka nan, a hankali, Allah ya riƙe. Samari suka fara ja da baya. Babu kiɗa, babu waƙa, sai kukan igiya a jikin gungumen bakin rijiya. Duk sanda ta ɗan yi tsalle sai in ce shi ke nan, ya suɓuce. Ban yi numfashin kirki ba sai da na ga ƙeyarsa ta ɓullo, laka har gashin ido.

Aka kwantar da shi a inuwar gawo, aka yi ta sheƙa mishi ruwa ana fifita. Can ya yi tari, ya buɗe ido ya gan ni a kansa.

"Goggo, na mutu ne?"

"Mutuwar me, ja'iri! Ka dai kusa kashe ni."

Ya daɗe yana kallon sama. "Inna na ji ta kira sunana. Na ce to lahira ce wannan, bari in je in ji me take so."

Na waiga neman Lalla. Har ta koma wurin ƙorenta, ta juya wa mutane baya, ta ja mayafi ta rufe fuska. Na je na tsaya a kanta. Ta ɗebi fura a ƙaramar ƙwarya ta miƙo mini ba tare da ta dube ni ba.

"Kai wa wancan," in ji ta. "Tun safe bai sa komai a cikinsa ba."